Gangar Uhola da ƙararrawar coci: yadda bishara ke tankaɗe al'ada a ƙasar Zuru

Duk shekara idan dawa ta shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, akwai tambayar da ba ta fashin zuwa ƙofar fastoci a ƙasar Zuru. Lokacin Uhola ne, bikin da Dakarkari, wato Lelna kamar yadda suke kiran kansu, ke yi bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan gari da ke aikin soja a Legas da Kaduna sun dawo gida, ana kokawa, ana rawa, ana baje kayan gona. Sai saurayi ya tsaya bayan sujada ya ce, "Baba Fasto, in je ko kada in je?" Wani faston zai ce masa, "Ɗana, haske ba ya tarayya da duhu." Wani kuma a ƙauyen gaba zai ce, "Je ka, amma ka san inda za ka tsaya." Dukansu biyu littafi ɗaya suke riƙe da shi, watakila ma makarantar Littafi Mai Tsarki ɗaya suka yi. To daga ina saɓanin ya fito?

Fastocin nan biyu 'yan ibanjelika ne, don haka sai mun fara sanin su wa ake nufi da 'yan ibanjelika. Kalmar daga Helenanci take, ma'anarta labari mai daɗi, abin da muke kira bishara. Ita ce kalmar farko a cikakken sunan cocin ECWA. Wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, David Bebbington, ya taƙaita halinsu a 1989 cikin abubuwa huɗu, kuma duk wanda ya tashi a ECWA ko UMCA ko Baptis zai gane kansa a ciki: Littafi Mai Tsarki shi ne alƙali na ƙarshe, mutuwar Yesu a kan gicciye ita ce tsakiyar saƙon, kowane mutum sai ya tuba da kansa don ba a gadon ceto, sannan wanda ya karɓa dole ya kai wa wani. Abu na ukun nan shi ne ya fi taɓa al'ada. Al'ada gado ce, ba ka zaɓe ta ba, a cikinta aka haife ka. Tuba kuwa juyawa ce. Duk addinin da ya ce wa mutum "juyo" to dole ya amsa tambayar da za ta biyo baya: in juyo in bar me, in riƙe me?

Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne a wannan gardama. A wannan jiha tamu ta Kebbi Gwandu take, kuma babban abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi suka yi ta rubutu a kansa tun kafin 1804 shi ne cuɗanya addini da al'adun da suka saɓa masa. Har gobe malamai na jayayya kan inda al'ada ta ƙare, bidi'a ta fara. Ciwon iri ɗaya ne, maganin kowa ne daban.

Yadda bishara ta iso nan yana da muhimmanci, don hanyar da baƙo ya biyo takan bar ƙura a rigarsa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Wannan ya sa aka taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi, aka bar musu wuraren da mutane ke bin addinin gargajiya. Mishan ɗin SIM, wanda Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka soma a 1893, shi ya haifi ECWA a 1954. A yankin Zuru da Yawuri kuwa, mishan ɗin da ya haifi UMCA ne ya taso daga ƙasar Nufe ya yo arewa, ya kafa sansani a Zuru a shekarun 1920, da asibiti da makaranta a Tungan Magajiya. Mutanen nan sun sha wuya, wasu sun binne 'ya'yansu a ƙasar da ba tasu ba, kuma ba ni cikin masu zaginsu don burge 'yan boko. Amma 'yan zamaninsu ne. Sun taso a ikkilisiyoyin Amurka da Kanada masu ƙyamar giya da taba da rawa, suka zo da wannan ma'aunin, suka tarar da mutanen da burkutu ke cikin aikin gayyarsu, rawa ke cikin jana'izarsu.

Akwai abin da galibi ake tsallakewa idan ana wannan magana. Ana faɗa kamar al'adu biyu ne suka yi karo, ta Bature da ta ɗan ƙasa. A nan uku ne. Bishara ta zo wa Badakkare da Bafakke da Bakambare da Badukke da harshen Hausa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya daɗe yana jagoranta, kuma shi ne ya zama littafin ikkilisiya daga Zuru har Jos. Littafin waƙoƙi da Hausa, wa'azi da Hausa, makarantar horar da masu bishara da Hausa. Saboda haka dattijon da ya tuba a Dabai ko Ribah ya koyi yi wa Allah magana da harshen da kakanninsa suka sani a matsayin na 'yan kasuwa da masu kai hari. Da Hausar kuma kalmomi suka zo ɗauke da kayansu: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a, tauhidi, kusan duka sun biyo ta hannun Musulunci da Larabci. Masu fassara ba su ƙirƙiro wa Mahalicci sabon suna ba, sun ɗauki wanda suka tarar. Fassarar 1979 ma ta ƙara matsowa, ta ce Almasihu inda tsohuwar ta ce Kristi, ta ce Yahaya inda aka saba da Yohanna.

Ka ga ke nan faston da ya tsaya ranar Lahadi yana cewa bishara ba ruwanta da al'ada, yana faɗar haka ne sanye da kwat ɗin Bature, da harshen Bahaushe, da sunan Allah na Larabci, a kan bagadin da aka zana a Turai. Babu laifi a ko ɗaya daga ciki. Laifin shi ne ya ɗauka shi tsirara yake tsaye, sauran mutane ne kawai ke da al'ada. Wani masani ɗan Gambiya, Lamin Sanneh, wanda ya koyar a jami'ar Yale, ya gina tunaninsa a kan wannan: Kiristanci addini ne da ba shi da harshe mai tsarki guda ɗaya. Yesu ya yi magana da Aramiyanci, aka rubuta labarinsa da Helenanci, tun ranar farko a fassare yake. Duk wanda ya yarda a fassara saƙonsa, ya riga ya yarda cewa a cikin harshen wasu akwai kwanon da zai iya ɗaukarsa.

Tushen tauhidin maganar yana cikin surori uku na farkon Farawa. Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, ya ba shi gona ya noma, ya ce ya raɗa wa dabbobi suna. Noma da harshe da aure, ai su ne al'ada, kuma sun riga zunubi zuwa. Sai faɗuwa ta zo ta taɓa komai. Taron Lozan na ƙasar Suwizalan a 1974, wanda Billy Graham ya kira, John Stott kuma ya jagoranci rubuta alkawarinsa, ya riƙe bakin zaren biyu a sakin layi na goma: da yake mutum halittar Allah ne, akwai kyau da nagarta a al'adarsa, da yake ya fāɗi, zunubi ya shafi dukanta, wani sashen ma na aljannu ne. Ya kuma ƙara cewa bishara ba ta ɗaukar wata al'ada ta fi wata. Magana ce mai sauƙin faɗa a zauren taro. Wahalar tana ranar da za a ce nuna min wanne ne mai kyau, wanne ne na aljannu, alhali a tukunya ɗaya aka dafa su.

A makarantun tauhidi ana son koyar da rabe-raben Richard Niebuhr na 1951, matsayi biyar tun daga Almasihu mai gāba da al'ada har Almasihu mai sāke ta. Ɗalibai su haddace, su ci jarrabawa. Ni ban ga ya warware mana da yawa ba, don mutumin yana magana ne kan ƙasashen da Kiristanci ya shekara dubu yana jiƙa su. Bai taɓa zama da wanda kawunsa ke riƙe da tsafin gida ba.

Wanda ya san wannan ciwo daga ciki shi ne Byang Kato, ɗan Jaba daga yankin Kwoi, wanda aka haifa a 1936 a gidan masu bin addinin gargajiya. Ya riƙe babban sakataren ECWA, daga baya a 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar 'yan ibanjelika ta Afirka baki ɗaya, ya yi jawabi a Lozan, ya rasu a 1975 a ruwa kusa da Mombasa bai cika arba'in ba. A zamaninsa masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na ƙasar Yarbawa suna nuna cewa Afirka ta san Allah tun kafin zuwan Bature. Kato ya ji tsoron inda maganar za ta kai: idan addinin kakanni ya isa ceto, to gicciye na mene ne? Ya tsaya kai da fata cewa sanin akwai Mahalicci daban, sulhu da shi daban. Amma shi ɗin dai ya nace cewa a yi sujada da kiɗan gida da tufafin gida da harshen gida. Kwame Bediako na Gana ya zo daga baya ya ce Kato ya yanke igiyar da ƙarfi fiye da kima, ya bar Kiristan Afirka kamar wanda ba shi da jiya. A ganina kowannensu ya hango ramin da ɗayan ke dab da fāɗawa. Abin takaici shi ne mu magadan Kato a Arewa mun gāji tsoronsa gaba ɗaya, muka bar ɗaya rabin nasa a ajiye.

Mu dawo Uhola. Tambayar saurayin nan ba sabuwa ba ce, Korintiyawa sun yi wa Manzo Bulus irinta kan naman da aka yanka wa gumaka, ya ba su amsa har sura uku, daga ta 8 zuwa ta 10 a wasiƙarsa ta fari. Bai ce musu e ko a'a a dunƙule ba, sai da ya rarrabe. Naman da ke kasuwa, ku saya ku ci, duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Maƙwabci ya gayyace ka gidansa, je ka ci, kada ka tsaya bincike. Amma zama a teburin gunki a cikin ɗakin tsafi, wannan a'a. Sannan ya ƙara wani ma'auni, wato ɗan'uwa mai raunin lamiri da zai gan ka ya yi tuntuɓe. Uhola ma ba abu ɗaya ba ne. Akwai sashen da masu tsafi ke yi, na roƙo da yanka, wanda Kirista ba shi da gurbi a ciki. Akwai kokawa da baje amfanin gona da sada zumunci da sasanta 'yan'uwa. Akwai kuma ainihin zuciyar bikin, godiya don an ga ƙarshen damina lafiya. A Listira, Bulus ya gaya wa manoma masu bautar gumaka cewa Allah bai bar kansa ba shaida, shi ne ke ba su ruwan sama da damina mai albarka, yana ƙosar da su da abinci da farin ciki. Wato godiyar tasu daidai ce, adireshin ne suka ɓata. Ikkilisiyar da ta hana bikin ɗungurungum, sannan ta kira nata bikin godiyar girbi inda ake gwanjon buhun dawa a gaban bagadi, ta yarda ke nan cewa buƙatar gaskiya ce. Saura ta yi bayanin dalilin da ya sa gwanjo ya fi kokawa tsarki.

Golmo ya fi ba ni mamaki. Saurayi ya shiga ƙungiyar tsaransa, su yi wa surukinsa noma shekara da shekaru, a al'adance har bakwai, kafin a ba shi mata. An yi ta kallonsa a matsayin bauta da jahilci. Amma buɗe Farawa sura 29: Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara bakwai saboda Rahila. Tsohon da ke ƙauyen Zuru ya fi farfesan Turai gane wannan sura, har da zafin yaudarar da aka yi wa Yakubu a daren biki. Ba ina cewa golmo ba shi da aibu ba. Yakan haɗu da baiko tun yarinya ba ta san kanta ba, yakan hana yaro makaranta, kuma shigarsa tana da alaƙa da al'amuran dodo da ake ɓoye wa mata. Waɗannan sun cancanci wuƙa. Amma a cikinsa akwai horon juriya, akwai sanin cewa aure na dangi ne, akwai hanyar da talaka mai ƙarfin damtse zai yi aure ba tare da kuɗi ba. Da ya ja baya, me ya maye gurbinsa? Farar riga ta haya, kek mai hawa uku, 'yan rakiya goma da anko, bashin da ango zai shekara biyu yana biya. Samari da yawa sun kai talatin da biyar ba aure, ba don ba su so ba. Ban taɓa jin an sa wani a ƙarƙashin horon ikkilisiya don ya ci bashin biki ba.

Maganar mata fiye da ɗaya kuwa ta bar tabo a gidaje. Koyarwar cewa nufin Allah tun farko namiji ɗaya da mace ɗaya ne, babu ɗan ibanjelikan da ke jayayya da ita. Gardamar tana kan wanda bishara ta same shi da mata uku. Aka ce sai ya sallami biyu kafin baftisma, matan suka koma gidajen iyayensu da 'ya'ya, wasu suka tsani coci har kabari. An gyara auren mace fiye da ɗaya da saki, abin da Yesu ya yi magana a kansa da kakkausar murya. Angilika sun kafa wannan doka a taron Lambeth na 1888, sai a 1988 suka sassauta, shekara ɗari cif.

Akwai wurin da nake ganin tsananin 'yan ibanjelika ya yi daidai, kuma yanzu ne ake gwada shi. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba da maƙwabtanmu na Zamfara, laya da guru da maganin ƙarfe sun dawo da ƙarfinsu. Yaro ɗan ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi, ranar Litinin ya shiga 'yan sa-kai da abu ɗaure a ƙugu. A Afisa, waɗanda suka ba da gaskiya sun tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin. Nan babu sasantawa, domin tambaya ce ta wa ka dogara gare shi. Amma ba zan jefi yaron nan da dutse ina zaune a Birnin Kebbi ba. Tauhidin da muka gāda ya iya maganar sama da lahira, ya iya maganar asibiti da makaranta, amma abin da ke tsakani, wato tsoron dare, maita, mafarki, harsashi, ya yi shiru a kansa, kamar yadda wani masanin mishan, Paul Hiebert, ya lura tun 1982. Inda fasto ya yi shiru, boka zai yi magana. In ba boka ba, sai sabon mai annabci da kwalbar man zaitun da ruwan albarka na sayarwa, wanda in ka duba da kyau layar ce aka sake wa kube.

Laifi tudu ne. Rariyar da muke tankaɗe al'adar ƙauye da ita ƙananan ido gare ta, ko tsaba ba ta wucewa. Wadda muke tankaɗe al'adar zamani da ita kuwa kwando ce. Ɗan siyasa ya zo harabar coci gab da zaɓe da ambulan, a ba shi kujerar gaba, alhali wasiƙar Yakubu sura 2 ta ambaci wannan kujerar kusan da sunanta. Ƙabilanci ya shiga zaɓen shugabannin ikkilisiya, a kira shi hikima. Wa'azin arziki ya shigo ta tauraron ɗan adam da Facebook daga Legas da Amurka, babu wanda ya tambaye shi takardar shaida. A Markus sura 7, al'adar da Yesu ya fi tsananta wa ba ta arna ba ce, ta masu addini ce, waɗanda suka sami dabarar hana iyayensu taimako da sunan sun keɓe dukiyar ga Allah. Majalisar Urushalima ma a Ayyukan Manzanni 15, hukuncinta ya faɗa ne a kan masu bi na farko da suka so ɗora wa baƙi kayansu na gado.

Waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki a wurinmu ba su taɓa zuwa Lozan ba. Zumuntar mata ce. A lokacin da maza ke rera waƙoƙin Turawa da aka juya zuwa Hausa, muryar na hawa inda kalmar ke sauka har ma'ana ta karkace, matan suka ɗauko tulu da caki da ganga, suka ɗauko salon waƙar daka da ta niƙa, ɗaya ta bayar saura su amsa, suka zuba labarin Yesu a ciki. Ba su ɗauko waƙar dodo ba, sun san bambancin ba tare da an kafa musu kwamiti ba. Wasu dattawa sun yi gunaguni da farko cewa an mai da ɗakin Allah dandali. Yau idan aka yi babban taro a Zuru, sai zumunta ta tashi ake sanin coci ta cika, kuma tsofaffin da ba su iya karatu ba, ayoyin da ke kansu daga bakin matan nan suka same su. A wasu majami'un ƙauye, idan waƙar ta yi zafi, sai ka ji mai bayarwa ta saki Hausa ta koma C'lela, harshen Lelna, amshi ya ninka, har mazan da ke zaune a bencin baya su fara motsa kafaɗa.